Sankarar maƙoshi da bitamin ɗin cikin abinci: abin da bincike ya gano, da matsayin ƙasar Tasawa da Mayahi

Maƙoshi bututu ne na tsoka, tsawonsa kamar santimita 25 a jikin babba, shi ke karɓar loma daga bayan baki ya miƙa ta ga tumbi. Cikinsa lulluɓe yake da fata mai laushi irin ta cikin kunci, kuma ƙwayoyin wannan fata ba sa daɗewa: na sama suna goguwa, sababbi na tasowa daga ƙasa suna maye gurbinsu. Duk abin da mutum ya haɗiye, mai zafi ne ko mai kaushi, mai amfani ne ko mai dafi, a kan wannan fata yake fara bi. Idan sabuntawar ta ɓaci, wasu ƙwayoyi suka shiga hayayyafa ba tsari, sai a samu sankara.

Sankarar maƙoshi iri biyu ce, kuma ba a fahimtar maganar bitamin sai an raba su. Ta farko tana tasowa daga fatar maƙoshin kanta, galibi a sashen tsakiya ko na sama. Ita ce kusan kashi 85 cikin 100 na abin da ake gani a duniya, ita ce kuma ta Afirka da Asiya, ta talakawa da mutanen karkara. Ta biyu tana fitowa a gindin maƙoshi kusa da bakin tumbi, inda ruwan tsamin ciki ya daɗe yana tasowa yana ƙona wurin. Ta fi yawa a Ingila da Amurka da arewacin Turai, kuma tana tafiya tare da ƙiba da ƙwannafi mai naci. Alƙaluman cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa sun nuna a shekarar 2022 an samu sababbin masu cutar kimanin 511,000, aka kuma rasa kimanin 445,000. Kusancin waɗannan lambobi biyu shi ke nuna muguntar cutar. Ba ta cika bayyana ba sai ta toshe hanya.

Abin da ya fara jan hankalin masana ga abinci shi ne yadda cutar ke zaɓen ƙasa. Akwai zirin da ya taso daga lardin Golestan a arewacin Iran, ya ratsa tsakiyar Asiya, ya kai tsaunukan arewacin Sin. Akwai wani zirin a gabashin Afirka, daga Habasha ya bi Kenya da Tanzaniya da Malawi har yankin Transkei na Afirka ta Kudu. A gundumar Linshiyan ta lardin Henan a Sin, mutuwa daga wannan cuta ta ninka matsakaicin ƙasar kusan sau 10. A ƙasashen Turai giya da taba sun isa su bayyana mafi yawan masu cutar, kuma maza sun fi mata kamuwa nesa ba kusa ba. Amma a Golestan da Linshiyan mata na kamuwa kusan kamar maza, alhali ba giya suke sha ba, ba kuma hayaƙi suke zuƙa ba. Abin da wuraren suka yi tarayya a kai shi ne talauci da cin abu guda kullum: gurasa da shayi a Golestan, masara da alkama da ganyen da aka tsima a Linshiyan, masara a Transkei da Malawi. Ƴaƴan itace da ɗanyen ganye da nama da madara kaɗan ne ƙwarai. Da aka auna jinin mutanen Linshiyan, sai aka tarar mafi yawansu ba su da isasshen ribofilabin, wato bitamin B2, kuma bitamin C da A da E duk ƙasa suke.

Dalilin da ya sa zaton ya zauna a zukatan masana shi ne akwai hanyoyin da aka sani da bitamin ke kare irin wannan fata. Bitamin A shi ke tsara yadda ƙwayar fata ke girma ta nuna ta zama abin da ya kamata ta zama. Idan ya yi ƙaranci, fata mai laushi takan bushe ta yi kauri, kamar yadda ake gani a idon yaron da ya rasa shi. Ribofilabin da niyasin suna cikin aikin samar da ƙarfi a ƙwaya da gyaran ɓarna, kuma rashinsu a baki yake fara nunawa, da tsagewar gefen leɓe da jan harshe, abin da ke faruwa a baki kuwa yana faruwa a maƙoshi inda ido ba ya kaiwa. Folet, wanda ganye da wake ke ɗauke da shi, ana buƙatarsa wajen kwafar bayanan gado duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu. In bai isa ba kuskure kan yawaita a kwafin. Ribofilabin na taimaka wa folet a wannan aiki, saboda haka rashin ɗaya yakan ƙara tsananta rashin ɗayan. Bitamin C kuma, tun 1972 aka nuna yana hana haɗuwar wasu sinadarai da ake kira nitrosamin, waɗanda ke haddasa sankarar maƙoshi a jikin ɓeraye a ɗakin gwaji. Shi da bitamin E suna kuma tare wasu ƙwayoyin iska masu ƙona sassan ƙwaya. Misalin abin shi ne yaɓen katangar ƙasa: rashin yaɓe ba shi ke rushe katanga ba, ruwan sama ne, amma katangar da ba a yaɓe ba ita ke fara zubewa.

Tarihi ya bayar da shaida guda mai ƙarfi, kodayake a kan ƙarfen jini ta fi tsayawa. A farkon ƙarni na 20, a arewacin Suwidin, an san wata lalura ta mata masu fama da ƙarancin jini: harshe ya yi sulɓi, gefen baki ya tsage, wata siririyar tantani ta fito a saman maƙoshi ta hana haɗiya, kuma da yawansu daga baya su kamu da sankara a wurin. Da abinci ya inganta a ƙasar, aka shiga ƙara sinadarin ƙarfe a garin alkama, lalurar ta kusa ɓacewa, sankarar da ke biye da ita ma ta ragu.

Daga shekarun 1970 zuwa yau an yi bincike masu yawa na tambayar abinci, inda ake kwatanta abin da masu cutar suka saba ci da abin da masu lafiya suka saba ci. Mafi yawansu hanya ɗaya suka nuna: waɗanda abincinsu ya fi wadata da bitamin C da beta-karotin da folet da bitamin E sun fi ƙarancin kamuwa. Sai dai irin wannan bincike na da rauni biyu da ba sa ɓoyuwa. Wanda maƙoshinsa ya fara toshewa ya riga ya sauya cimarsa tun kafin a gano cutar, kuma tunawarsa da abincin shekarun baya ba abin dogaro ba ce. Na biyu, mai cin ƴaƴan itace kullum yawanci ya fi wadata, ya fi samun ruwa mai tsabta, ya fi kula da haƙoransa, sau da yawa kuma bai cika shan taba ba. Raba tasirin lemu da tasirin aljihu abu ne mai wuya. Shi ya sa ma a wasu binciken aka ga yawan bitamin B12 na tafiya tare da ƙarin haɗari, ba don shi ne mai laifi ba, sai don daga nama yake zuwa. Asusun binciken sankara na duniya da ke Landan, a rahotonsa na 2007, ya sanya abinci mai bitamin C da mai beta-karotin cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna karewa. Da ya sake duba shaidun a 2016, bayan an samu binciken da ke bin mutane masu lafiya shekaru kafin su kamu, sai ya sassauta hukuncin: ganye da ƴaƴan itace akwai alamar suna karewa, amma shaidar ba ta kai ta yanke magana ba.

Hanyar yanke magana ita ce gwaji, kuma an yi shi a inda cutar ta fi ƙamari. Daga 1986 zuwa 1991, masanan Sin da na cibiyar sankara ta Amurka sun ɗauki mutum 29,584 ƴan shekara 40 zuwa 69 a Linshiyan, suka rarraba su da ƙuri'a, ana ba su ƙwayoyi kullum. Haɗi huɗu aka gwada: bitamin A da zinki, ribofilabin da niyasin, bitamin C da molibdenam, sai seleniyom da bitamin E da beta-karotin. Sakamakon da ya fito a 1993 ya nuna haɗi na huɗu ya rage mutuwa baki ɗaya da kashi 9 cikin 100, mutuwa daga sankara da kashi 13, daga sankarar tumbi da kashi 21. A kan sankarar maƙoshi kuwa, wadda don ita aka shirya aikin, babu haɗin da ya nuna ragi tabbatacce. Ribofilabin da niyasin sun nuna alamar ragi na kusan kashi 14 a yawan kamuwa, amma a bakin iyakar abin da lissafi ke amincewa da shi. A wani gwajin na gefe, an ba mutum 3,318 waɗanda fatar maƙoshinsu ta riga ta fara sauya kama ƙwayar bitamin da ma'adinai iri-iri tsawon shekara 6, ba a kuma ga raguwar sankarar da za a dogara da ita ba.

Abin da ya fi koyarwa ya fito ne daga baya. An ci gaba da bin mutanen shekara 10 bayan an daina ba su ƙwayoyin, rahoton 2009 kuma ya nuna haɗin seleniyom da bitamin E da beta-karotin ya rage mutuwa daga sankarar maƙoshi da kashi 17 ga waɗanda suka fara sha ba su kai shekara 55 ba, amma ya ƙara ta da kashi 14 ga waɗanda suka fara suna da 55 ko fiye. Fassarar da masu binciken suka fi karkata gare ta ita ce sinadaran na taimakon fatar da ba ta lalace ba tukuna, amma in ƙwayoyin sankara sun riga sun kafu a ɓoye, abin da ke ciyar da lafiyayyar ƙwaya yana iya ciyar da su ma. Bayan shekara 25, amfanin da aka gani tun farko ya dushe kusan gaba ɗaya. Wannan sakamako ya cancanci a riƙe shi da muhimmanci fiye da yadda masu tallar ƙwayoyi ke yi: lokacin da jiki ya samu sinadarin ya fi yawansa tasiri, kuma shekara biyar na ƙwaya ba ta goge shekara arba'in na rashin cima.

Akwai kuma gargaɗi daga wasu gwaje-gwajen. A Finlan an ba maza masu shan sigari 29,133 ƙwayoyi, sakamakon 1994 ya nuna beta-karotin ya ƙara sankarar huhu da kashi 18. A Amurka an dakatar da wani gwajin a 1996 kafin wa'adinsa saboda ƙarin ya kai kashi 28. Bitamin D, wanda ake yawan yabo, a binciken jinin mutanen Linshiyan mazan da suka fi yawansa su suka fi kamuwa da sankarar maƙoshi, abin da har yau bai samu cikakken bayani ba. Saboda irin waɗannan ne hukumomin lafiya ba sa ba da shawarar shan ƙwayar bitamin don rigakafin sankara. Abin da ke cikin ganye da ɗan itace yana zuwa kaɗan-kaɗan, haɗe da ɗaruruwan wasu sinadarai. Abin da ke cikin kwalba yana zuwa shi kaɗai kuma ninki-ninki.

Gundumomin Tasawa da Mayahi, a gabas da arewa maso gabashin jihar Maraɗi, kowace da mutane fiye da rabin miliyan a ƙidayar 2012, suna da matsayi mai ɗaure kai a wannan tambaya. Yankin na cikin wuraren da ƙarancin sinadaran abinci ya fi tsanani a duniya. Binciken lafiyar jama'a na Nijar na 2012 ya samu kashi 73 cikin 100 na yara ƴan wata 6 zuwa 59 da kashi 46 na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, kuma jihar Maraɗi ce cibiyar matsalar cimaka ta 2005. Dundumi, wato rashin gani da magariba, tsohon sananne ne ga mata masu ciki da yara, har mutane suka san maganinsa hanta ce tun kafin a san sunan bitamin A. Da a ce rashin bitamin kaɗai ke kawo sankarar maƙoshi, da ƙauyukan Kanambakashe da Isawan da Urafan da Maijirgi sun zama kamar Linshiyan. Alƙaluman da ake da su ba su nuna haka ba. Yammacin Afirka na cikin yankunan da cutar ta fi ƙaranci, bambancinsa da zirin gabas ya kai ninki goma ko fiye, kuma a rajistar sankara ta Nijar, wadda aka kafa a Yamai a 1992, sankarar nono da ta bakin mahaifa da ta hanta su ke gaba.

Bayani na farko hatsi ne. A 1981 wani masani ɗan Afirka ta Kudu, van Rensburg, ya jera al'ummomin duniya bisa abincin da suka dogara a kai, ya lura cewa masu yawan cutar masara ko alkama suke ci, masu ƙarancinta kuwa gero da dawa da rogo da doya da gyaɗa. Kafin shi, a 1971, Paula Cook ta danganta yaɗuwar cutar a Afirka da giyar masara. A Afirka ta Kudu likitoci sun lura cutar ba ta da yawa a farkon ƙarni na 20, ta hauhawa ne a shekarun da masara ta kori dawa daga tukunya. Niyasin ɗin masara a ɗaure yake, jiki ba ya iya cin moriyarsa sosai, kuma farar masarar da aka cire wa dusa ba ta da ribofilabin na kirki. Ga kuma wata fumfuna da ke kama masara tana fitar da dafin fumonisin, wanda aka gano a 1988 bayan binciken masarar Transkei, kuma aka nuna yana hana ƙwaya ɗaukar folet. A Malawi an ƙara gano ƙasar noman na da tsami, masarar da ke fitowa daga cikinta ba ta da isasshen seleniyom. Gero kuwa ya fi masara ƙarfen jini da zinki, kuma wannan fumfuna ba ta cika kama shi ba. Manomin Mayahi da ke shuka hatsi da wake a jigawa yana cin abincin da ya fi na takwaransa na Malawi kare maƙoshi, ko da cikinsa bai fi nasa ƙoshi ba. Wannan alaƙa ce ta taswira, ba hujjar gwaji ba, amma ta daɗe tana tsaye.

Bayani na biyu shi ne abubuwan da ke ƙona fatar ba su taru a nan kamar can ba. Giya, wadda binciken Kenya da Tanzaniya ya nuna tana da babban kaso, kaɗan ce a karkarar Maraɗi. Kuma fura, wadda ita ce abincin rana na mafi yawan gidaje, da sanyinta ake shanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a 2016 cibiyar Liyon ta sanya abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna kawo sankarar maƙoshi. A Golestan masu shan shayi da tsananin zafi sun ninka masu shansa da ɗumi haɗari kusan sau 8, a yankin Kilimanjaro kuma an auna shayin madarar da ake sha ya kai digiri 70.

Bayani na uku ba mai daɗi ba ne: wataƙila ba a ƙirga masu cutar. Tabbatar da ita sai an zura bututu mai kyamara ta baki, an gutsuro ɗan nama, an duba shi a madubin likita. Babu wannan a ƙananan gidajen likita na karkara. Dattijon da tuwo ya fara tsaya masa a ƙirji, ya koma kunu, ya rame, yakan fara da mai magani na gargajiya, a ce tsufa ne ko sammu, ya rasu a ɗakinsa ba tare da sunansa ya shiga wani littafi ba. Rajistar da ke Yamai ta fi ganin mutanen Yamai da waɗanda suka iya kuɗin mota. Ga shi kuma cutar ta fi kama waɗanda suka haura 50, alhali kusan rabin mutanen Nijar ba su kai 15 ba. Ƙarancin gaskiya ne bisa dukkan alamu, domin manyan asibitocin Kano da Zariya da Sakkwato ma ba sa ganin cutar kamar yadda asibitocin Kenya ke ganinta, amma girman ƙarancin bai kai yadda takarda ke nunawa ba.

Gero dai bai cika komai ba. Ba shi da bitamin C, ba shi da B12, bitamin A ɗinsa ba abin lissafi ba ne. Waɗannan daga miya da nono da daji suke zuwa, kuma a nan ne shekara ke rabuwa. Da kaka akwai ɗanyen ganyen wake da yakuwa da rama da kabewa, shanu na da nono. Da rani miya takan koma busasshiyar kuka da kuɓewa, nono ya yi wuya, fura ta zama ta ruwa zalla. Mangwaro na kawo beta-karotin da bitamin C a watannin bazara, sa'annan a shiga tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a koma ga tafasa da yaɗiya da jiga da gasaya. Waɗannan ganyaye da ake yi wa kallon abincin yunwa su ne mafi wadatar folet da karotin a cimar yankin. Haka ƴaƴan daji: garin ƴaƴan kuka na cikin abubuwan da suka fi bitamin C a duk abin da ake ci a ƙasar Hausa, ga magarya da kanya da aduwa, ga goruba da ta cika kwarin Gulbin Kaba. Zogale, wanda jihar Maraɗi ta yi suna da nomansa, idan aka yi kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli ya haɗa karotin da man da jiki ke buƙata kafin ya tsotse shi. Dawowar itatuwa gonaki ta hanyar barin tsiron kututture, aikin da ya fara bazuwa a jihar tun shekarun 1980, ta ƙara wa gidaje irin wannan cima ba tare da an kira ta aikin lafiya ba.

Da yawa daga bitamin ɗin da gona ta bayar a tsakanin turmi da tukunya yake salwanta. Surfe mai tsanani da wanki na tafiya da dusa, a dusar kuma mafi yawan bitamin B yake. Akuya ce ke cin rabon mutum. Kanwa, wadda ake jefawa a wake da miya don su yi laushi da yauƙi, tana lalata tiyamin da ribofilabin da bitamin C. Shanya ganye a tsakar rana na cinye karotin, shanya a inuwa na barin kaso mai yawa. Tafasa zogale a zubar da ruwan na zubar da folet. Ribofilabin ɗin nono hasken rana ke kashe shi, don haka nonon da ya wuni a buɗaɗɗen bokitin roba a kasuwa bai kai wanda ke rufe a ƙwarya ba. A gefe guda, jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, na sassauta sinadarin da ke ɗaure ƙarfen jini da zinki.

Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne sauyin da ke tafe. A shekarun da damina ta gaza, masarar da ake shigowa da ita daga Nijeriya da Binin da farar shinkafa su ke cike gurbin hatsi, a kasuwa da kuma wajen sayar da cimaka a farashi mai rahusa, a garuruwa irin Tasawa kuma taliya da burodi sun samu gindin zama. Shayin fada, wanda ake kurɓa daga wuta zuwa baki sau uku a zama ɗaya, ya zama abin yau da kullum ga matasa, kuma ban da zafinsa yana rage tsotsar ƙarfen jini in an sha shi a kan abinci. Sigari na ƙaruwa. Tabar da ake taunawa da kanwa tana cikin abin da cibiyar Liyon ta tabbatar yana kawo sankarar baki da ta maƙoshi. Mata na shaƙar hayaƙin kara da itace shekara da shekaru, kuma sinadaran hayaƙi na cikin abin da aka samu da yawa a jikin mutanen Linshiyan da Golestan. Ruɓewar haƙora da zubewarsu ma an danganta su da cutar a Sin da Iran da Kenya. Sai sodar yin sabulu, wadda yaro kan sha bisa kuskure: tabon da take bari a maƙoshi na ƙara haɗarin sankara bayan shekaru masu yawa. Duk waɗannan a kan fatar da ba ta samu isasshen gyara ba suke sauka.

Matakan da ake ɗauka a Nijar ba don sankara aka tsara su ba, amma sun dace da darasin Linshiyan na cewa da wuri ake farawa. A 1997 ƙasar ta fara haɗa rabon bitamin A ga yara da ranakun rigakafin shan inna, tana cikin na farko a Afirka da suka yi haka. Ana ba mata masu ciki ƙwayar ƙarfen jini da folet a wurin awo. Akwai tsarin ƙara bitamin A a man girki da ƙarfe da folet a garin alkama a ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, sai dai gidan da ke cin hatsin gonarsa da man gyaɗar da aka matsa a gida ba ya cin moriyarsa sosai. Ga irin wannan gida, irin geron Chakti mai yawan ƙarfen jini da zinki, wanda cibiyar ICRISAT ta Sadore da cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN suka fitar a 2018, ya fi kusa. Waɗannan magani ne na rashin da aka tabbatar, kuma sun bambanta da ƙwayoyin ƙarin jini da ƙarin ƙarfi da ake tallarsu a tire ranar kasuwa, waɗanda suka sha rana, ba a san abin da ke cikinsu ba, kuma babu shaidar suna hana kowace sankara.

Idan cutar ta riga ta kama, bitamin ba ya warkar da ita. Alamarta ta farko ita ce tsayawar abinci mai tauri a ƙirji, nama ko tuwo, wadda ke ƙaruwa mako bayan mako har ta kai ga kunu da ruwa, tare da rama, wani lokaci da dushewar murya ko tari in an haɗiya. Mai shekara 40 ko fiye da ya ga haka ya wuce mako biyu ko uku, hanyarsa daga gidan likita na kusa ce zuwa asibitin gunduma a Tasawa ko Mayahi, daga nan a tura shi Maraɗi ko Damagaram ko Yamai don a leƙa maƙoshin. Cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashi da haske a 2021. Kafin nan sai an fita waje. Wanda aka gano da wuri ana iya yi masa tiyata haɗe da gashi da allurai. Wanda ya zo a makare, abin da ake yi shi ne buɗe hanya da ɗan bututun da ake sakawa a wurin da ya toshe, ko a sa bututun ciyarwa ta ciki. A kowane hali ciyarwa na cikin jiyya, domin majinyacin da ya rame ba ya jure tiyata: kunu mai kauri da aka dama da gyaɗa da nono da ƙwai da garin zogale, da ɗumi ba da zafi ba, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Ƙwayoyin bitamin C da E masu ƙarfi kuwa likitocin sankara kan hana su a lokacin gashi da allurai, saboda suna iya kare ƙwayoyin cutar daga maganin da ake nufin ya kashe su.